Cikin Adda Rukayya a Kwatano

Sai da muka kai Lakwaja na san dalilin tafiyarmu. Abin da aka gaya mini a gida shi ne yayata, Adda Rukayya, za ta ga likita a Kwatano, ni kuma zan bi ta ita da mijinta Hamma Bello, saboda ni na zo ta ɗaya a Faransanci a ajinmu. Ina aji uku na ƙaramar sakandare a lokacin. Faransancin nawa bai wuce gaisuwa da ƙirge da sunayen ranaku da watanni ba, sai kuma 'ya'yan itatuwa. Amma a gidanmu na Jekadafari a Gombe ni ce wadda ba a cika jin muryarta ba, don haka ranar da Dada, mahaifiyarmu, ta ce, "Ai Safiya ta iya yarensu," daɗi ya hana ni gyara mata.

A Lakwaja motar ta tsaya a ci abinci. Hamma ya tafi alwala. Adda ta sayi soyayyen kifi, ta riƙe shi a cikin takarda har man ya huda takardar, ba ta ci ba.

"Safiya, kin san ina da ciki?"

Na sani. Na ga ta daina cin miyar da aka sa wa daddawa, na kuma ga gwangwanin da take tofa yawu a ciki. Amma a wurinmu ba a maganar cikin fari, balle ƙanwa da yayarta. Sai na sunkuyar da kai ina kallon silifas ɗina.

"Ba zai rayu ba," in ji ta. "An yi mini hoto a wuri biyu a Gombe. Ƙoƙon kansa bai rufe ba, kuma abin da ya kamata a ce yana ciki babu shi. In na kai wata tara zan haife shi, ya yi awa ɗaya ko yini ɗaya, ya koma."

Ta ce likitan ya gaya musu dokar ƙasarmu ba ta ba shi damar taɓa cikin ba, sai in ran uwar ne ke cikin haɗari. Ya auna ta, ya ce lafiyarta ƙalau. "Ban taɓa ganin an gaya wa mutum lafiyarsa ƙalau da irin wannan fuskar ba," in ji Adda.

Daga nan Hamma ya bi malamai. Na farko ya ce babu hanya ko kaɗan. Wani dattijo a Gabukka, wanda ya karantar da Hamma tun yana yaro, ya ce akwai malaman da suka yi sassauci a irin wannan lalura, in amintattun likitoci sun tabbatar, amma da sharaɗin cikin bai cika wata huɗu ba, don a nan ne ake busa rai. Anti Rifkatu kuma, maƙwabciyarmu 'yar Kaltungo da ke aikin nas, ita ta ce musu ɗanta ya yi karatu a Kwatano, kuma dokar can ba irin tamu ba ce.

"To ki ji," Adda ta ce, ta kama hannuna da hannunta mai maiƙo. "In ya cika wata huɗu kafin a yi, na haƙura. Zan ɗauke shi har ƙarshe, in haife shi, a binne. Ba zan tsallake wannan ba ko da kowa ya ce in tsallake."

"Yanzu wata nawa ne?" na tambaya.

"Uku ya wuce. Ban san da nawa ba."

Hamma ya dawo yana share ruwa daga gemunsa, muka bar maganar. Ta miƙa mini kifin, na cinye shi duka don ban san abin da zan yi da bakina ba.

Legas ba na iya tuna komai nata sai wari da ƙarar hon. Seme, bakin iyaka, ita na riƙe. Akwai igiya a gicciye a hanya, da wani mutum zaune a kan benci yana sassauta ta da ƙafa in za a wuce. Na yi ta kallon igiyar. A wannan gefen abin da Adda ke nema laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, a wancan gefen kuma wai ba laifi ba ne, ga shi kaji suna ta ratsawa ta ƙarƙashinta suna dawowa. Wani jami'i ya yi mini magana da sauri. Na ce masa barka da rana, sunana Safiya, shekarata goma sha huɗu. Ya kwashe da dariya, ya kira abokinsa, ya sa na maimaita. Ashe katin rigakafi yake tambaya.

Hamma ya dube ni. Sai na ga ya ciro wayarsa yana neman abin fassara. Wayar ta yi ƙoƙari, sai dai Hausar da take fitarwa ta fi Faransancin wuyar ganewa.

A ƙetaren igiyar wani mutum yana jiranmu. Sunansa Ɗanjuma, ɗan Nijeriya ne, wani abokin aikin Hamma ya haɗa su ta waya. Aikinsa samo wa ɗalibai makaranta da ɗaki, ya kuma ce babu likitan da bai sani ba a garin. Yana da agogo babba wanda ba ya tafiya, na lura da shi tun a mota. Yana kiran Hamma "Yallaɓai," yana kiran Adda "Hajiyata," ni kuma ya ce mini "Madam tafinta."

Garin ya ba ni mamaki da ƙananan abubuwa. 'Yan acaɓa duk da riguna ruwan ɗorawa. Fetur a manyan kwalabe a bakin titi, rana na haska shi kamar zuma. Burodi dogo mai tauri da mata ke ɗauka a kai kamar itacen girki. Iska tana da danshi, hijabina ya manne mini a wuya.

Ɗanjuma ya sauke mu a Zango, unguwar Hausawa, gidan wata dattijuwa, Hajiya Baraka, mai ba fatake mata ɗaki. Kakanta ne ya zo daga Katsina da fataucin goro, ita ba ta taɓa ganin Katsinan ba. Hausarta daban ce, tana sa kalmomin da ban sani ba, amma da ta ce, "Ku shigo, 'ya'yana, kun sha hanya," sai na ji hawaye ya taho mini. Tun Gombe ban ji wanda ya yi mana magana a hankali ba.

Washegari Ɗanjuma ya karɓi kuɗi a hannun Hamma, ya ce na ganin likita ne da na takardu. Ya kai mu wata unguwa mai yashi, ya shigar da mu wani kemis, muka bi ta bayan kantar sayar da magani zuwa wani ɗaki. Akwai gado ɗaya da aka shimfiɗa wa leda, da bokiti mai murfi, da fanka da aka ɗaure wuyanta da tsumma. Wani mutum ya shigo da farar riga. Rigar fara ce tas, amma ƙafarsa silifas ɗin wanka ne, kuma akwai baƙin datti a ƙarƙashin faratansa. Bai tambayi hoton da muka zo da shi ba. Bai ma tambayi sunanta ba. Ya nuna gadon kawai.

Adda ta tsaya a bakin ƙofa. "Ina asibitin?"

"Hajiyata, ai nan ya fi asibiti sauri," in ji Ɗanjuma. "Can sai sun yi ta ja miki rai. Nan kafin la'asar kin koma masauki."

"In irin wannan ɗakin nake so, ai akwai shi a Gombe," ta ce. "Da ban sha wannan hanyar ba."

"Yallaɓai, ka yi mata magana mana."

Hamma ya dubi bokitin, ya dubi matarsa. "Ba ka ji ta ba ne? Mu tafi."

Ɗanjuma ya ce to bari ya je ya karɓo mana kuɗinmu a wurin mai kemis ɗin, mu jira shi a waje. Muka tsaya a inuwar wani shago har inuwar ta gudu ta bar mu. Wayarsa a kashe. Ba mu sake ganinsa ba. A hanyar komawa na ga Hamma yana ta shafa aljihun gaban rigarsa, yana sake shafawa.

Da yamma Hajiya Baraka ta ga fuskokinmu, ta aiki Hamma masallaci, ta zaunar da Adda a tabarma. Akwai wasu mata biyu 'yan kasuwa a tsakar gidan suna ɗaure atamfofi, ɗaya daga Maraɗi, ɗaya daga Kumasi. Ban san yadda aka yi ba, Adda da ba ta iya faɗa wa ƙawayenta na Gombe ba, sai ga shi ta faɗa wa baƙi komai.

Ta Kumasi ta ce a Gana in likita ya ga yaron ba lafiyayye ba ne, ana yi a asibitin gwamnati, ba ɓoye-ɓoye. Ta Maraɗi ta ce ita dai a wurinsu ba ta taɓa jin an yi ba, ko da dokar ta yarda ba wanda zai faɗa. Sannan ta ce, "Ni da ni ce, sai in bar wa Allah ikonsa."

"Ke da ke ce," in ji Hajiya Baraka. "Ke ce? Ɗaure kayanki."

"Daga faɗin ra'ayi, Hajiya?"

"An tambaye ki? Yarinya ta zo tun daga Gombe da ciwo a zuciya, ba wa'azi ta rasa a garinsu ba."

Ta Maraɗin ta koma ga ɗaurin kayanta. Can kuma ta tashi ta kawo wa Adda fura a kofi, ta ajiye a gabanta ba tare da ta dube ta ba. Ni dai ina gefe ina sauraro, kaina ya ɗaure. Ciki ɗaya ne, yana nan a ƙarƙashin hijabin Adda bai canja ba, amma ko wace ƙasa aka ambata sai ya zama wani abu daban.

Hajiya Baraka da kanta ta kai mu asibiti na gaskiya, inda jikokinta suka zo duniya. Akwai layi, akwai kati, akwai warin maganin wanke ƙasa. Likitan farko da muka samu namiji ne mai furfura. Ya duba hoton, ya girgiza kai, ya yi magana mai tsawo da taushi. Abin da na tsinta shi ne "ba ni ba" da kuma "Alhamis." Wata nas mai ɗan Turanci ta bayyana wa Hamma cewa shi likitan imaninsa bai bar shi ya yi wannan aikin ba, kuma ba a tilasta masa, amma ya tura mu wurin abokiyar aikinsa da ke zuwa ranar Alhamis. Ranar Litinin ce. Na ga leɓen Adda yana motsi, tana ƙirga wani abu a yatsunta a ƙarƙashin hijabi.

Kwanakin jiran sun fi tafiyar wuya. Adda ba ta fita. Ni nakan zauna a bakin ƙofa ina kallon yara suna wasa da yaren da ban sani ba, ina tunanin ƙawayena suna aji, da ƙamshin dakan yajin Dada, da kiran sallar masallacin layinmu wanda lasifikarsa ke shaƙewa a tsakiya. Dada takan kira, ta tambayi abinci, ta tambayi zafi, ta tambayi ko ina salla a kan lokaci. Ba ta taɓa tambayar abin da ya kai mu ba. Sai in za ta kashe ta ce, "Ki kula da 'yar'uwarki."

Ranar Alhamis muka ga likitar. Mace ce gajeriya mai tabarau a rataye da igiya a wuya. Ta gaisa da Hamma, sannan ta nuna masa ƙofa da murmushi. Ta ce tana son jin bakin matar ita kaɗai. Nas mai Turancin ba ta zo aiki ba ranar. Saura ni.

Ta yi magana a hankali saboda ni, tana haɗawa da Turanci kaɗan da hannu. Tambayar farko ita ce ko wani ne ya tilasta wa Adda zuwa. Na fassara. Adda ta ce a'a. Ta biyu na gane ta sarai, amma bakina ya ƙi buɗewa. Ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe take tambaya. Ban taɓa furta wannan kalmar a gaban babba ba. Na dubi kalandar bango, na dubi ƙasa.

"Me ta ce?" in ji Adda.

"Wai... yaushe rabonki da fashin salla."

Adda ta yi tunani. "Ki ce mata ana saura kwana kaɗan ƙaramar Salla. Na tuna don sai da na rama azumi."

Likitar ba ta san ranar Sallarmu ba, ni kuma ban san yadda ake cewa ƙaramar Salla da Faransanci ba. Muka taru mu uku a kan kalandar wayarta, ina nuna watan, Adda na cewa a'a, gaba kaɗan, ranar da aka yi ruwan farko. Da muka samu, likitar ta ɗauko wani faifan kwali mai zagaye biyu, ta juya shi, sannan ta kwantar da Adda ta sake yin hoton da na'urarta. Ta daɗe tana kallo. Ni ma na kalla. Na ga wani abu yana bugawa da sauri kamar fiffiken ƙaramin tsuntsu, na ga hannu. Sama da fuskar kuma babu komai, hoton ya ƙare kawai a inda bai kamata ya ƙare ba.

Ta ce abin da likitocin Gombe suka gani gaskiya ne. Ta ce a dokarsu mace na iya nema da kanta har sati goma sha biyu, kuma Adda ta wuce wannan, amma irin lalurar yaron tana da nata hukuncin daban, za a iya yi in wani likitan ya sake dubawa ya sa hannu. Sannan ta faɗi adadin satin cikin. Wannan kam na iya shi, ƙirge ne.

"Ta ce sati goma sha shida."

Adda ta tashi zaune. "Sha shida?" Ta ƙirga a yatsu, huɗu, huɗu, huɗu, huɗu. "Wata huɗu ke nan."

Ta sauko daga gadon, ta gyara zaninta, ta ɗauki jakarta. Fuskarta ba kuka, ba komai. "Ki yi mata godiya. Ki ce mun makara."

Likitar ta tambaye ni abin da ya faru. Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Wata huɗu. Allah. Rai. An hana." Kalmomin da nake da su ke nan. Ta cire tabaranta ta dube ni, na ɗauka ba ta gane ba. Sai ta tambaya, da Turanci da hannu: wata huɗun, daga yaushe ake fara ƙirga shi?

Ban sani ba. Adda ma ba ta sani ba. Mu dai mun san wata huɗu.

Likitar ta jawo takarda ta ja dogon layi. Ta sa alama a farkonsa ta ce nan ne jinin ƙarshe, daga nan likitoci ke fara ƙirge, a ƙasarsu da tamu da ko'ina. Ta matsa gaba kaɗan ta sa wata alamar, ta zana ɗan ƙaramin ɗigo. Ta ce yaron a nan ya fara, wajen sati biyu bayan waccan. Tsakanin alamomin biyu ta rubuta sifili, ta zagaye shi. Wato likita yana ƙirga kwanakin da babu kowa a cikin tukuna.

Na yi wa Adda bayani sau biyu, don a na farkon ni ma ban gama ganewa ba. Ta ce, "Ni ba zan yi wa Allah wayo da zanen takarda ba. A kira Hammanku."

Hamma ya shigo, ya ga zanen, ya kira malamin Gabukka a waya, ya sa a lasifika. Ana jin kukan akuya da muryar yara a bayansa, sai na ji kamar in shiga cikin wayar in koma gida. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya ce kwana ɗari da ashirin ne, kuma daga shigar ciki ake ƙirgawa, ba daga jini ba. Ya sa Hamma ya maimaita masa abin da likitar ta ce. Sannan ya ce in haka ne da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba.

"Rukayya tana ji na?"

"Ina ji, Malam."

"Ni abin da na karanta na faɗa miki. Na kuma gaya wa mijinki akwai malaman da ba su yarda ba sam, ban ɓoye ba. Ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Duk wanda kika ɗauka, Allah Ya san abin da ke cikinki, Ya san abin da ke zuciyarki."

Aka kashe wayar. Na zaci Adda za ta ji sauƙi, sai na ga akasin haka. Ɗazu da ta ɗauka an makara, kafaɗunta sun sauko kamar an sauke mata tulu. Yanzu an mayar mata da shi. Ta zauna a kujera, jakarta a cinya, ta daɗe. Hamma ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Likitar ba ta duba agogo ba ko sau ɗaya, na lura da wannan.

"Safiya, ki tambaye ta. Yana jin zafi?"

Na san kalmar zafi, ta ciwon kai da ciwon ciki da muka koya a aji. Na tambaya. Likitar ta taɓa bayan kanta da hannu, ta girgiza kai.

"Ta ce wurin da ke sanin zafi bai halittu ba."

"In na bar shi ya kai wata tara fa? Ko akwai wanda ya taɓa rayuwa ya girma?"

Likitar ta ce a'a. Ba ta ƙawata shi ba. Ta ce wasu matan suna zaɓar su kai ƙarshe don su riƙe shi a hannu ko na awa ɗaya ne, kuma in Adda ta zaɓi haka ita ba za ta ce ta yi kuskure ba.

Adda ta ɗora tafin hannunta a kan cikinta, a gaban mijinta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Sannan ta ce, "A ba ni biron in sa hannu."

Bayan likita na biyu ya sa hannu aka kwantar da ita. Magani suka ba ta, naƙuda ta zo mata kamar ta haihuwa. Ba a bar ni a ɗakin ba. Na zauna a benci tare da Hajiya Baraka, tana jan carbi, tana ba ni gyaɗa ɗaya-ɗaya kamar ƙaramar yarinya. A ɗakin da ke kusa wani jariri sabon haihuwa yana ta tsala kuka, dangi suna shiga da kwanuka.

Da aka gama, wata nas ta fito ta tambaye mu abin da za a yi da shi, ko asibiti ta ɗauke nauyin. Na fassara. Hajiya ta miƙe tsaye. "A ba mu abinmu." Ta ciro sabon farin ƙyalle daga jakarta, ashe tun daga gida ta yanko shi ba ta gaya wa kowa ba. Ta shiga, ta fito da shi a naɗe, bai fi tsawon tafin hannunta ba. Limamin Zango ya ce tunda bai kai busa rai ba, ba salla, ba suna, a naɗe shi a binne da mutunci. Hamma ya karɓa da hannu biyu, ya rasa yadda zai riƙe, sai ya sa shi a ƙirji ya rufe da babbar rigarsa. Shi da wani ɗan Hajiya suka tafi maƙabarta a kan acaɓa.

Kafin a sallame mu likitar ta yi mini bayanin magunguna, da cewa in jini ya yi yawa ko zazzaɓi ya zo mu nemi asibiti ko a ina muke. Ta ce in Adda za ta sake neman ciki, akwai ƙwayar da za ta fara sha tun kafin ya shiga, tana rage irin wannan. Ta ƙara wani abu tana nuna ƙirjinta, na ce to, na ɗauka cewa take kada Adda ta sa damuwa a zuciya.

Sai a motar komawa na gane. Mun baro Legas, rana ta ɗaga, Hamma yana kujerar gaba. Adda ta taɓa ni ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, yana mata zafi. Da ta ɗaga hijabinta kaɗan sai muka ga gaban rigarta ya jiƙe, wuri biyu. Muka dubi juna. Ba wanda ya gaya wa jikinta abin da aka yi a Kwatano.

Matar da ke gefenmu, wata 'yar kasuwa mai jiki da ke komawa Kumo da buhunan kaya, ta leƙo. "Ayya, mai jego ce ashe. Ruwan nono ne ya kawo. Ina jaririn, kin bar shi wurin kakarsa?"

Mun riga mun shigo ƙasarmu, ban san abin da ake iya faɗa a nan da wanda ba a iyawa ba. A gida an shirya za a ce ɓari ta yi a hanya.

Adda ta ce, "A Kwatano na bar shi."

Matar ta dubi fuskarta, ta dubi cikinta, ta dubi hannunmu da babu ko tawul ɗin jariri. Ba ta sake tambaya ba. Ta kwance ɗaurin kayanta ta zaro sabon zani, ta ce mini, "Ke 'yammata, tashi ki kare mu." Na miƙe a tsakiyar mota na baza hijabina, motar na jijjiga ni, ina riƙe da ƙarfen kujera da hannu ɗaya. A bayana ina jin tana cewa, "Ɗaga hannu. Ja numfashi. Kar ki matse shi ko ya dame ki, in kin matse ƙaruwa zai yi. Kwana kaɗan zai ɗauke da kansa." Ta ɗaure ƙirjin Adda tam da zanin.

Da na zauna, Adda ta ce za ta biya kuɗin zanin. Matar ta ce, "Ni ma an taɓa ɗaure mini, ban biya ba." Sannan ta tambaya, "Mace ko namiji?"

"Namiji."

"Allah Ya sa mai ceto ne. Allah Ya ba da rayayye."

Tun daga Gombe har Kwatano har dawowa, likitoci da malamai da mu kanmu, ciki muke ta cewa. Ita ce ta fara yi wa Adda gaisuwar ɗa. Adda ta ce amin, ta kifa kanta a kafaɗar matar da ko sunanta ba mu sani ba, ta yi kukan da take riƙe da shi tun Lakwaja.